Man Aduwar Inna

Shafi na 19

Gaisuwa ga masu biye da labarin nan. Waɗanda suka kwana biyu suna aiko tambaya ko Jamila ta iso Dogon Dutsi, su kwantar da hankalinsu. Ta iso.

Motar Yamai ta sauke ta da hantsi ranar Asabar, a tsakiyar zafin Afrilu. Ba hutu ya kawo ta ba. Shekara huɗu ke nan tana aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, inda ake rainon ƙwayoyin sankarar mama cikin 'yan farantan roba. Aikinta shi ne ta ɗiga musu man itatuwa, ta jira kwana biyu, sannan ta duba ta madubin ƙara girman abu ta ƙirga waɗanda suka mutu. Man aduwar da take gwaji da shi ya ƙare, kuma ƙa'idar aikin ta ce dole sabo ya fito daga hannun da tsoho ya fito. Hannun nan na mahaifiyarta ne, Lubabatu, wadda ta koyi fasa ƙwallon aduwa da fitar da mansa a garinsu Sukukutane tun tana budurwa.

Jamila ce 'yar fari, kuma a gidan Malam Zakari tela ba a ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. Shekara talatin da ɗaya Lubabatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonta ba. In tana so yarinyar ta ci abinci, sai ta ajiye kwanon inda za a yi tuntuɓe da shi. In magana ta zama dole, sai a nemo na uku ya tsaya a tsakani, kamar takarda a biro, wato ofishin gwamnati, wadda ba ta isa wurin mai ita sai ta bi ta hannun wanda babu ruwansa da ita.

Rannan ma ba a saɓa ba. Jamila ta durƙusa a tsakar gida ta yi gaisuwa, Lubabatu ta amsa wa turmi.

Sai dai Jamila ta ga abin da bai kwanta mata ba. Mahaifiyarta ta ɗauki butar ruwa da hannun hagu, na daman kuwa yana manne da ƙirji kamar mai ɓoye kaza a cikin mayafi. Ga kuma warin man aduwa, wanda ya kamata a ji shi a jikin tukwane, amma daga jikin mutum yake tashi. Tana cikin wannan tunani aka kira ta daga bayan katanga.

Majo Félicité ce, maƙwabciyarsu. Ta shekara talatin tana aikin jinya kafin ta ajiye, kuma ƙawar Lubabatu ce tun suna amare. Ɗaya tana azumin watan Ramadan, ɗaya tana zuwa coci ranar Lahadi, kuma kowacce ta san yawan zannuwan da ke cikin akwatin 'yar'uwarta.

Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Jamila na zagayowa gidanta, ta shigar da ita ɗaki, ta tura ƙyaure, ta ɗauko Littafi Mai Tsarki daga kan tebur, ta zaro ambulan daga tsakiyarsa. Ta ce nan ne kaɗai wurin da ta tabbata Luba ba za ta sa hannu ta ɗauke ba.

Takarda biyu ce a ciki, da Faransanci, kowacce da hatimi da sa hannu yadda ya kamata. Ta farko sakamakon awon ɗan naman da aka ɗiba ne, mai kwanan watan Nuwamba. Kalmomin da ke jikinta Jamila ta san su kamar sunanta, don kullum tana rubuta su a gefen farantanta. Abin da ba ta saba gani ba shi ne sunan mahaifiyarta a samansu. Ta biyu randebu ce, wato lokacin da aka ba ta na tiyata a Yamai, ranar sha tara ga Disamba. Takardar tana nan fes, ba wanda ya karɓe ta a kan wani tebur.

Jamila ta zauna a bakin gado.

Majo ta ba ta labari a tsaye. A watan Oktoba Lubabatu ta zo mata da neman maganin ƙurji. Da ta taɓa, ta ji ƙari a maman dama, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Suka ce wa gida za su suna a Doso, suka zarce Yamai. Sau biyu suka yi wannan tafiya, kuma sau biyun motar haya ta bi da su ta gaban jami'a, Lubabatu ta juya fuska tana kallon ɗaya ɓangaren titi. Likita ya ce an gano shi da wuri, in aka yi aiki akwai kyakkyawan zato. Aka ba da rana. Saura mako guda, Lubabatu ta aiko cewa ta fasa, ta sami magani a gida.

"Wane magani, Tanti?"

Majo ta dube ta ta saman tabarau.

"Naki."

Jamila ta tuna. A farkon Disamba ne gwajin farko ya fito, ta ga fiye da rabin ƙwayoyin sun mutu, murna ta hana ta zama. Ta aika wa mahaifinta saƙon murya a salula, ta ce man Inna ya kashe ƙwayoyin sankara. Bayan minti biyu hankalinta ya dawo, ta aika na biyu. A cikinsa ta ce kada a gaya wa kowa, wannan a faranti ne kawai, ba magani ba ne, kuma da sauran aiki na shekaru.

Ta ce wa Majo ai ta yi bayani. Saƙo biyu ta aika.

Majo ta ce ta sani, don a gabanta aka yi. Al'adar gidan ita ce, in saƙon Jamila ya zo, Malam Zakari ya zauna a tsakar gida ya ƙure sautin salula, Lubabatu kuma ta sami wani aiki a kusa, tsintar wake ko gyaran tsintsiya, wai ba saurara take ba. Haka aka yi rannan. Saƙon farko yana ƙarewa sai baƙuwa ta yi sallama. Mace mai mutunci ba za a same ta zaune tana sauraren muryar 'yar fari ba, don haka Lubabatu ta kwashi wakenta ta shige ɗaki.

"Baƙuwar kuwa ni ta," in ji Majo. "Gishiri naz zo roƙo."

Ta ce tun Janairu Lubabatu ba ta ƙara yarda ta duba wurin ba. Ta bi ta hannun wata tsohuwar abokiyar aikinta ta samo sabuwar randebu ta jibi Litinin, Lubabatu ta ce a ba mai bukata. Ta kuma sa Majo rantsuwa ba za ta gaya wa Malam ba, ba za ta gaya wa ta Yamai ba.

"To, ban hwaɗa miki ba. Takarda kinka karanta."

Suka zagayo ta ƙofa zuwa gidan Malam Zakari. Lubabatu tana ƙarƙashin rumfa a kan tabarma, ta jingina da bango. Ta ga ambulan a hannun Jamila, sai ta mai da ido kan ƙawarta.

"Majo, ashe rantsuwarki ta 'yan kasuwa ta."

"Ki kai ƙarata wurin Mompe, limamin cocinmu. Ya san gidana."

Majo ta jawo kujera ta zauna a tsakani, inda mai tsayawa tsakani ya kamata ya zauna. Jamila ta tsuguna daga gefe. Ta roƙi Tanti ta tambaya tun yaushe ake shafa man. Aka tambaya. Amsa ta dawo ta hanyar da tambaya ta bi: tun Disamba, safe da yamma, da kuma cokali guda a sha kafin karin kumallo. Ba a taɓa tsallake rana ba.

Lubabatu ta gyara mayafinta da hagu.

"Ki ce ma baƙuwarki tambaya guda gare ni. Abin da tac ce cikin salula, ƙarya ta ko gaskiya?"

"Gaskiya ce, Tanti, amma..."

"Shi ke nan. Gaskiya ba ta da wutsiya."

Jamila ta yi ƙoƙarin ɗaura mata wutsiyar duk da haka. Ta yi wa Majo bayanin da Majo ta sani tun kafin a haife ta. Ta ce ƙwayoyin da ke faranti tsirara suke kwance, babu fata a kansu, babu jini, babu hanta, abin da aka ɗiga musu kai tsaye yake samunsu. Mutum kuwa in ya sha mai, ciki ne zai narkar da shi kamar kowane mai na miya, in ya shafa kuma a fata zai tsaya. Ta ce a faranti ko gishiri aka zuba da yawa ƙwayoyin za su mutu, ko ruwan jabel na wanke farin kaya, amma ba wanda ya taɓa cewa jabel maganin sankara ne.

Lubabatu ta saurara har ƙarshe, idonta a kan kajin da ke tono a gindin randa.

"Ni ban sha jabel ba," ta ce. "Abin da anka auna, shi nike sha."

A nan ne Malam Zakari ya yi sallama. Ya dawo daga shago don azahar da abinci, tef ɗin awo yana rataye a wuyansa. Mutum ne mai kirki, ba a taɓa jin ya cuci kowa ba, sai dai shekara arba'in na ɗinki sun koya masa cewa "an gama" tun kafin almakashi ya taɓa yadi. Ya fara yi wa 'yarsa maraba da fara'a, ya kira ta Doktora kamar yadda ake kiranta a fadar 'yan hira ta ƙofar shagonsa, sannan ya lura ba wanda ya yi dariya.

Majo ba ta nemi izinin kowa ba. Ta gaya masa cikin jimla uku.

Ya nemi wurin zama, bai samu ba, ya kife turmi ya zauna a kai. Ya dubi matarsa, wadda ya kwana da ita a gida ɗaya wata shida bai sani ba. Ya yi salati a hankali. Sannan fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda ya tuna ya bar kuɗi a aljihun wata riga.

"To, alhamdu lillahi. Ai ga magani cikin gida."

Majo ta rufe ido.

"Baba," in ji Jamila, "saƙo na biyu. Ka saurare shi?"

Ya ce ya saurara, a shago, bayan la'asar. Ya ji duk abin da ta faɗa. Amma ya ɗauka tawali'u ne irin na masu ilimi da tarbiyya. Ai ko mace ta yi tuwon da ya fi na kowa, in ta ajiye sai ta ce a yi haƙuri, bai yi daɗi ba. Wa ya taɓa ture kwano saboda wannan? Shi ya sa da magariba ya ba mutanen fada labari, su kuma suka kai gidajensu. Bai ƙara komai a kai ba, in ji shi, sai dai wataƙila ya ce duka ƙwayoyin suka mutu maimakon rabi, don rabi ba ya daɗin faɗa.

Jamila ta ce ba tawali'u ba ne. Abin da ta faɗa, shi take nufi, kalma da kalma.

Malam Zakari ya dubi Majo, ya ga ba taimako a can. Ya juya ga matarsa, ya ce in haka ne to a shirya, Litinin a je Yamai.

"Ba ni zuwa."

Ya tambayi dalili. Ya ce in tsoron wuƙa ne, Majo ga ta nan, ta ga mata nawa da aka yi wa aiki suka dawo suna daka. In kuma kunyar likita namiji ce, a nemi mace.

Da Lubabatu ta tashi magana, ta fuskanci Majo, ba mijinta ba.

"Ke kin sani, Majo. Shekara talatin ban taɓa buɗe baki na yabe ta ba. Ba a yi. Ta ci jarrabawa, na shiga ɗaki. Ta tahi Yamai, na shiga ɗaki. Ubanta ya yi yabo bakin kwalta har muryarshi ta dushe, ba wanda yaz zarge shi. Ni ba ni da bakin. Jiki gare ni. In na tahi anka yanke ni, na hwaɗa ma garin ga duka cewa ni, da na dake ƙwallon da hannuna, ban yarda da aikinta ba."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran salla, Malam Zakari bai motsa ba.

Jamila tana da nata sirrin, wanda ta taho da shi daga Yamai da niyyar komawa da shi. A watan Fabrairu ta sake gwajin, wannan karon ta jera farantan lafiyayyun ƙwayoyin mama kusa da na masu sankara. Man bai bambanta su ba. Yadda ya kashe waɗannan haka ya kashe waɗancan. Ta ƙara maimaitawa sau biyu, abin bai gyaru ba. Malaminta ya ce ta samo sabon mai ta faro daga tushe, dalilin zuwanta ke nan. Ba ta gaya wa gida ba, don duk lokacin da ta buga waya sai ta ji mutanen fada suna aiko gaisuwa ga Doktora.

Yanzu ta faɗa. Ba ta rage komai ba. Ta ce abin da ba ya raba mai ciwo da mai lafiya ba magani ba ne, ko a faranti.

Malam Zakari ya zare tef ɗin daga wuyansa, ya naɗe shi a yatsu, ya sa a aljihu.

Majo ta juya ga ƙawarta ta ce to, ta ji da kunnenta, wannan karon ba baƙuwar da ta katse.

Lubabatu ta yi ɗan murmushi, irin na wadda aka zo wa da dabarar da ta sani tun tana goyo.

"Don in tahi take hwaɗin haka. Ɗiyar kirki ta. Ta gwammace ta ɓata aikinta."

Jamila ta fiddo salula. Ta buɗe hotunan madubi, na Disamba da na Fabrairu, ta miƙa wa Majo, Majo ta miƙa gaba. Lubabatu ta duba don girmama mai miƙowa. Ta ce ɗige-ɗige ne kamar zanen atamfa, kowa zai iya karanta abin da yake so a ciki. Ta mayar.

Majo ta ce, "Luba, taurin kai ba ibada ba ne."

"Ke kuma tonon asiri ba aikin likita ba na."

"Na ajiye aiki."

"Bakinki bai ajiye ba."

A wata rana da an yi dariya. Majo ta miƙe ta ce ita ta gaji, ta kai saƙo ta kawo saƙo wata shida, ƙafafunta sun kumbura. Ta ɗauke kujerarta daga tsakani ta koma da ita gindin bango.

Wurin da ta tashi ya zama fili. Tsakanin uwa da 'ya ba komai sai taku uku na ƙasa.

Jamila ta yi takun nan a kan gwiwoyinta. Ta tsaya daidai gaban tabarma, inda ba ta taɓa tsayawa ba tun da ta yi wayo.

"Inna."

Lubabatu ta juya fuska ga bango da sauri, kamar an watso mata ruwan zafi. Malam Zakari ya ɗaga hannu zai tsawata, ya sauke.

"Inna, da ke nake, ba da Tanti ba. Ki yafe mini rashin kunya. Kin ce in kin je Yamai mutane za su ce ba ki yarda da aikina ba. To, su faɗa. Wannan zan iya ɗauka. Amma in kika zauna, ciwon nan ba zai tsaya ba, na san shi, kullum ina kallon yadda yake yaɗuwa. Ranar da za a yi miki wanka, matan unguwa za su ji warin man nan a jikinki. Ba za su ce sankara ta kashe Lubabatu ba. Za su ce 'yarta ce ta kashe ta da maganin ƙarya. Kuma ba zan iya ƙaryata su ba."

Mayafin Lubabatu yana hawa yana sauka. Ba ta juyo ba. An idar da salla a masallaci, ana jin takalman mutane suna watsewa a lungu.

Can ta yi magana, muryarta a ƙasa, fuskarta har yanzu a bango.

"Malam. Haka za su ce?"

Malam Zakari ya share zufa da hannun riga.

"Haka za su ce. Na san su. Ni na tara su."

Lubabatu ta ɗauke fuskarta daga bango. Sannan ta dafa ƙasa da hagu ta yunƙura. Jamila ta kai hannu za ta tallafe ta, Lubabatu ta kauce, ba da faɗa ba, ta kama ginshiƙin rumfa ta miƙe da kanta. Ta tsaya tana maida numfashi.

"Majo, Litinin ɗin ƙarhe nawa?"

Majo ta ce ƙarfe takwas na safe, sai a kwana can ranar Lahadi. Amma ta ce ba za ta kai mutum gaban likita ba alhali ita kanta ba ta san abin da take kaiwa ba. Tun Janairu rabonta da gani.

Lubabatu ta nufi ɗaki. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, Majo ta taho da tabarau ɗinta, sauran mutane kuma su tsaya inda suke. Labule ya sauka.

Uba da 'ya suka rage a tsakar gida. Malam Zakari ya yi alwala, ya yi sallarsa a gefen rumfa, ya daɗe a zaune bayan sallama. Da ya dawo kan turminsa, ya tambaya a hankali ko shekara huɗun nan sun tafi a banza ke nan. Jamila ta ce a'a, haka aikin yake, sanin abin da ba ya yi ma sani ne, kuma ana rubuta shi. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ya ce bayan la'asar zai zauna a fada ya warware abin da ya ɗinka, ko da za su yi masa dariya har Sallar Layya. Ta ce ya bari tukuna. Ya ce a'a, yau.

Daga ɗaki ba a jin komai. Minti biyar suka wuce, suka zama goma. Duban da Majo ta yi wa mata dubu a rayuwarta bai taɓa kai haka ba, kuma Jamila ta sani. Sau ɗaya aka ji ƙarar kwano, sau ɗaya aka ji an ja numfashi ta haƙora.

Labule ya ɗaga. Majo ta fito ita kaɗai, tabarau a hannu. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce gindin randa, ta ɗauki sabulu, ta fara wanke hannu. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake shafa sabulu.

Jamila ta isa kusa da ita.

"Tanti, hamata?"

Majo ta gyaɗa kai. Ta ce akwai kaluluwa, ba ɗaya ba. Ta rage murya ta ƙara da cewa fatar ta buɗe, wurin ya yi ruwa a ƙarƙashin tsumman da ake ɗaurewa da shi, kuma jikin da zafi kamar garwashi. Yadda matar nan ta tashi ta share gida da safe, Allah kaɗai ya sani.

Malam Zakari bai ji abin da aka faɗa ba. Ya taso yana gyara hula.

"To, Majo, gobe Lahadi motar sahe za mu shiga, ko ta rana?"

Majo ta yarfe ruwan hannunta.

"Ba gobe ba. Jamila, shiga ki ɗauko mata zane biyu. Yanzu za mu tashi."